Kwana 30 da suka zama wata bakwai: abin da karatun korona ya yi wa 'ya'yana da ɗalibaina

Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata ƙaramar makarantar kuɗi a cikin birnin Kano, irin na cikin lungu ɗin nan da aka mayar da gidan zama ajujuwa, inda yawancin iyayen yara 'yan kasuwa ne da masu sana'ar hannu. Aji biyu na firamare nake riƙewa lokacin da korona ta zo. Uwa ce kuma ni, don haka abin da aka kira karatu daga gida ta fuska biyu na gan shi: ni ce mai tura wa 'ya'yan mutane darasi, ni ce kuma mai jiran a turo wa nawa. Yanzu in hirar korona ta tashi, sai dai a tuna takunkumi da kulle da tsadar abinci, a yi dariya a wuce. Yaran da abin ya faɗa wa kuwa suna nan a cikinmu, sun yi tsawo, wasu har gemu ya fara fito musu, kuma da yawansu suna ɗauke da tabon shekarar ba tare da an san daga inda ya samo asali ba.

Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar cutar ta shigo Najeriya, a jikin wani ɗan Italiya da ya sauka Legas. Mu a nan muka ɗauke ta ciwon masu hawa jirgi. Ba a rufa wata guda ba, gwamnonin arewa maso yamma suka ba da sanarwar rufe makarantu na kwana 30, daga Litinin 23 ga Maris. Muna dab da jarrabawar zango na biyu ke nan. Yara suka fita da ihu da tsalle, sun samu hutun da ba su zata ba. Ba su sake zama a gabana ba sai 12 ga Oktoba.

Yara biyar ne a gabanmu a lokacin. 'Yar farina tana ajin ƙarshe na sakandare, tana shirin WAEC, jarrabawar kammala sakandare. Mai bi mata namiji ne, ɗan shekara 13, yana aji biyu na ƙaramar sakandare. Sai ƙaninsa ɗan shekara 7 da ke aji ɗaya na firamare, sai auta da ba ta isa makaranta ba. Ta biyar ɗin 'yar ƙanin maigidana ce, da aka kawo mana riƙo daga ƙauye don ta yi boko. Tana aji shida, kuma in za a faɗi gaskiya duk ta fi su kaifin ƙwaƙwalwa. Babbar waya ɗaya ce tak a gidan, ta maigida. Tawa ƙarama ce mai tocila, ta kira da amsawa.

Makonnin farko babu mai zancen karatu. Ranar 11 ga Afrilu aka samu mutum na farko da cutar a Kano, ranar 16 aka kulle gari, ranar 27 Shugaba Buhari ya ɗora wani kullen na mako biyu, daga baya aka sake ƙarawa. Azumi ya kama a cikin haka, ga zafin bazara, ga mace-macen dattawa da ya ɗaga hankalin kowa: kullum sai ka ji wane ya rasu, malamai, tsofaffin ma'aikata, masu sarauta. Kantin Kwari, inda maigida yake da teburin atamfa, a rufe. Ranakun da ake ɗan sassautawa na wasu awanni, kowa gudu yake ya samo abin kaiwa bakin salati. Ana ta kai, wa yake ta kaya? Islamiyya ma a rufe take. Almajirin da ke mana ɗibar ruwa da shara da aike yana cikin waɗanda aka kwasa aka mayar jihohinsu, kuma ba sai na faɗa muku a kan wa aikinsa ya koma ba. 'Yan mata biyun nan ne suka gāje shi, samarin suna zaune.

Wajen tsakiyar azumi mai makarantarmu ya kira mu, ya ce manyan makarantu sun koma intanet, mu ma kada a bar mu a baya. Ya buɗe wa kowane aji zauren WhatsApp. Sai maigida ya gama da wayarsa bayan tarawihi nake karɓa, in rubuta darasi a takarda da manyan baƙi, in ɗauki hotonsa a hasken fitila, in yi saƙon murya ina bayani, in tura. Ɗalibaina sun haura 40. Iyayen da ke da wayar shiga zauren ba su fi rabi ba. A cikin rabin ma, masu buɗe saƙon a ranar da aka tura ba su da yawa, masu maido da aikin gida kuwa ana ƙirga su da yatsun hannu ɗaya.

Ba ƙin karatu ba ne. Wayar ta uba ce, uba kuma ko yana fafutukar neman abinci, ko yana tsoron ya miƙa wa ɗan shekara 7 wayar da duk lambobin abokan cinikinsa ke ciki. Uwa tana gida, amma da yawa karatunsu na allo ne da Islamiyya. Za ta biya wa yaro Ƙur'ani tsaf, amma takarda da Turanci ba hurumin ta ba ne. Ga data. Mutumin da ke lissafin kuɗin gero ba zai sa naira 1,000 a waya don ya sauke muryar malama ba. Ga wuta, wadda in an kawo ta da tsakar dare kafin asuba an ɗauke. Wani lokacin aikin gida ya dawo min da rubutu mai kyau, a miƙe sarai, babu gogewa ko ɗaya. Na san rubutun ɗalibaina kamar yadda na san fuskokinsu. Yayarsa ce ta yi, ko maƙwabci. Sai in rubuta "madalla", don in na ce wani abu gobe ba za a turo ba.

Abin da waɗanda ba su taɓa riƙe ƙaramin aji ba suka kasa ganewa shi ne, yaro mai koyon karatu ba bayani ne ya dame shi ba, ido yake so a kansa. Yadda nake koyarwa, ina tsaye ne a gefensa, yatsansa a kan harafi, ni kuma ina kallon bakinsa. In ya ga b ya kira d, nan take na kama shi kafin abin ya zauna. In ya iya ba, ya iya ki, amma ya kasa haɗa su ya ce baki, na san daidai inda ya maƙale, in ja shi a hankali har ya tsallake. Wani sai na dafa kafaɗarsa yake buɗe baki. Wani sai ya ji na kusa da shi ya faɗa tukuna. Duk wannan ba ya shiga saƙon murya. Ina magana ne kawai cikin duhu, ban san ko akwai mai ji ba, ban san ko wanda ya ji ya gane ba.

Albashinmu kuwa daga kuɗin makaranta yake fitowa. Iyaye suka ce ba za su biya kuɗin zangon da yaro bai taka makaranta ba, kuma ban ga laifinsu ba. Aka ba mu wani abu sau ɗaya, daga nan shiru. Malamai maza suka watse, wani ya karɓi adaidaita sahu, wani ya koma leburanci wajen magina. Malamin lissafinmu, wanda babu kamarsa a makarantar, ya shiga harkar POS bai sake waiwayar alli ba. Ni na kafa kaskon awara a ƙofar gida. Bayan ƙaramar Sallah zauren ajina ya mutu da kansa, babu wanda ya ce a rufe, babu wanda ya tambaya.

Gwamnati ta sa darussa a rediyo da talabijin, kuma zan faɗi alherinsu. An zaɓo malamai da suka san aikinsu, rediyo kuma ita ce abin da kusan kowane gida a ƙasar Hausa yake da shi. Da babu gara ba daɗi. 'Yar farina ta amfana ƙwarai. Takan zauna da littafi da biro, ta rubuta abin da ta ji, wanda ya shige mata duhu ta duba a littattafanta. Amma ita ta riga ta iya karatu, ta san abin da take nema, ga jarrabawa a gabanta tana kora ta. Ɗan shekara 7 kuwa, in na zaunar da shi gaban rediyo, malamin ciki zai ce, "Yara ku maimaita," ya ɗan yi shiru, yaron ya maimaita da ƙarfi kamar waƙa, idonsa na kan akuyar maƙwabta. Rediyo ba ta jira, ba ta komawa baya, ba ta san yaro ya tashi ya tafi ba. Lissafi a rediyo kuma sai wanda ya gwada: ana cewa ka ajiye biyu ka ɗauki ɗaya, kai ba ka ga inda aka ajiye ba.

Ƙanwata tana aure a Abuja, 'ya'yanta suna makarantar masu hali. Su kowane yaro da na'urarsa, ana darasi kai tsaye ta Zoom, malami na ganinsu suna ganinsa. Na zaci su sun tsira, sai ta kira ni tana kuka da nata. Babban yana kashe kyamara ya koma wasan kwamfuta, ko ya bar darasi na tafiya ya yi barcinsa. Ƙaramar kullum ciwon kai da ido, ta zama mai saurin fushi, ba ta son fita ko tsakar gida. Ita uwar ta zama mai gadi daga safe zuwa azahar, ga nata aikin ofis a kan wayar. Na tausaya mata, amma a raina na ce ciwo ma suna-suna ne. Nata sun gaji da darasi, namu darasin bai iso su ba. Daga baya, a watan Agusta, UNICEF ta fitar da cewa aƙalla yara miliyan 463 a duniya, wato kashi ɗaya cikin uku na 'yan makaranta, ba su da hanyar samun karatun nesa ko kaɗan. Da na ji a labarai ban yi mamaki ba, na san wasunsu da sunayensu da gidajensu.

Abin da ya fi ci min rai ya zo ne a farkon Yuli, da aka ɗage kulle a Kano. Kasuwanni suka cika maƙil, aka koma ɗaurin aure da kamu da yini, motocin haya suna lodi kamar da. Makaranta kaɗai ce ta ci gaba da zama a rufe, wata uku cur bayan haka. Gwaggona da ke Maraɗi a Jamhuriyar Nijar ta ce min su tun farkon Yuni yaransu suka koma aji. A nan yaron da aka ce kada ya zauna a benci da ɗan'uwansa saboda cuta, shi ne yake kutsawa cikin cunkoson kasuwar Sabon Gari da faranti a ka. Ban ƙi a rufe makaranta a watan Maris ba, lokacin kowa a tsorace yake kuma ba a san kan cutar ba. Amma da aka zo buɗewa, an fara da inda manya ke da abin asara, aka bar yara a ƙarshen layi saboda su ba sa zanga-zanga.

A wannan tsakanin ne muka rasa 'yar riƙonmu. Damina ta sauka, hanya ta buɗe, mahaifinta ya zo ya ce wa maigida, "Yaya, tunda ba karatun ake ba, bari ta je ta kama wa uwarta aiki, in an buɗe sai ta dawo." Babu abin da za ka ce da mutum a kan 'yarsa, balle ga gaskiya a bakinsa. Ta haɗa kayanta, har da littattafanta, ta ce min, "Umma, ki aiko min in an sa ranar jarrabawar shiga sakandare." Na aika. Aka ce sai an gama girbi. Bayan girbi aka ce uwarta ta haihu. Ƙarshen shekarar da ta biyo baya goron ɗaurin aurenta aka kawo mana. Ba zan ce korona ce ta aurar da ita ba, a garinsu haka ake yi tun kaka da kakanni. Amma makaranta ce hujjar da muke riƙe da ita. Bari ta gama aji shida. Bari ta yi ƙaramar sakandare. Shekara bayan shekara da haka muke jan lokaci, iyayen kuma suna jin nauyin cire yarinya daga aji tana tsaka da karatu. Da ajin ya tashi, ba mu da abin faɗa. Yanzu 'ya'yanta biyu. In ta zo gari ita ce ke karanta wa matan gidansu takardar asibiti.

'Yar farina ta sha da ƙyar. Jarrabawar da aka saba farawa a Afrilu sai 17 ga Agusta aka fara ta, bayan an mayar da 'yan ajin ƙarshe makaranta na 'yan kwanaki. Wata biyar babu malami, sannan a ce ga takarda. Ta samu kiredit a darussan da ake iya karantawa a haddace, lissafi ya kayar da ita, sai da muka sake biyan kuɗi ta zauna a shekara ta gaba. Ƙawayenta da suka ci ma zaman jira suka yi, don malaman jami'a suna yajin aiki tun Maris har Disamba. Masu sallama a ƙofar gida kuwa ba a magana. Budurwa tana zaune ba makaranta, kowa gani yake lokaci ya yi. Allah Ya saka wa babansu da alheri, shi ya tsaya ya ce sai ta yi kwalejin ilimi. Ƙawayenta da yawa ba su samu mai tsaya musu ba.

Na biyun, labarinsa da wayar karatun ya fara. Akwai wani saurayi a bakin layinmu mai janareta, yana cajin waya naira 50. Kullum shi muke aika da wayar babansa, mu ce ya tsaya a kanta kada a canza batir. Yana zaune yana kallon yadda ake kwance waya, ana canza gilashi, ana tura waƙoƙi da finafinai. Makarantarsa ta gwamnati ce, babu mai turo masa komai, rediyo kuma ya ce ta 'yan mata ce. Kafin mu farga ya fara riƙe sukuddireba. Kafin Oktoba yana bin mai shagon zuwa kasuwar waya ta Farm Centre sayo kaya, yana dawowa da ɗari biyu, ɗari uku a aljihu, wata rana har ya miƙo min ya ce a ƙara a cefane. A halin da muke ciki a lokacin, ban iya cewa ya mayar ba. Yaron da ya ɗanɗana kuɗin guminsa yana da shekara 13, ka ce ya koma ya zauna a ƙasa cikin mutum sama da 100 yana kwafar allo, ai sai dai gangar jikinsa ta je.

Sai ƙaramin. Mutane kan ce min, "Ke ai naki ba su da matsala, uwarsu malama ce." Uwarsu malama ce da take tashi da asuba ta kai niƙan waken suya, ta tace, ta dafa, ta soya, ta yi jinyar surukarta, da dare kuma ta yi wa 'ya'yan wasu darasi a waya. In na samu sarari na zaunar da shi, shi kuma bai ga malama ba, Umma ya gani: ya ce yunwa, ya ce fitsari, auta ta zo ta yaga takardar. Kafin a rufe yana karanta kalmomi masu gaɓa biyu, har ya fara bin allunan shaguna yana haɗawa. Ranar da aka buɗe, wasu haruffan ma sai da ya tsaya yana kallonsu kamar baƙi. In ɗan malama ya zama haka, ku auna ɗan wanda babu mai boko a gidansu.

Muka koma da bokiti mai famfo da sabulu a bakin ƙofa, da takunkumi, da raba yara kwanaki, wasu azuzuwan kwana biyu a mako, wasu uku. Ajina ya rage sosai. Wasu iyayen sun kasa biya sun mayar da yaran makarantar gwamnati, tunda tun 2019 aka ce karatu kyauta ne, wasu kuma babu wanda ya san inda suka shiga. Waɗanda suka dawo ba su ne na sallama a Maris ba. Riƙon fensir ya canza. Zaman minti 20 ya gagara. Ashar a bakin yara ƙanana, irin wanda sai a tasha ake ji, da dambe a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wata yarinya da ta fi kowa surutu ta dawo ba ta magana, daga baya na ji kakarta da ke riƙe da ita tana cikin waɗanda suka rasu a watan azumi. Takunkumin ma ya zame min cikas, don yaro sai ya ga laɓɓana yake rarrabe sauti da sauti. Nakan ja da baya zuwa jikin allo in sauke shi ƙasan haɓa.

A ganina, babbar ɓarnar ba a watannin rufewa aka yi ta ba, a nan aka yi ta. Aka matse zango na uku cikin 'yan makonni, aka yi jarrabawar jeka-na-yi-ka, kowa ya wuce aji na gaba. Babu wanda ya ce a tsaya a gwada yaran a ga inda kowa yake. A makarantar kuɗi, in ka ce yaro ya maimaita aji, gobe ubansa ya kai shi ta gaba da ku, su kuma su karɓe shi har su ƙara masa aji. A ta gwamnati kuwa sababbi na tururuwa, dole na gaba su matsa. Malamin aji uku ya buɗe manhajar aji uku ya fara daga shafin farko, kamar mai zuba gari a ruwan da bai tafasa ba, yana ta tuƙi yana mamakin gudaji. Ba mu gama daidaita zama ba kuma aka sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba, ga cutar ta sake tasowa, aka kuma sallamar yara, sai 18 ga Janairun 2021.

Yaro kuma gwani ne wajen ɓoye rashin iyawa. In ana karatun baki ɗaya, muryarsa ta fi ta kowa. Yana kwafar allo tsaf, harafi bayan harafi, kamar mai zane, bai san abin da ya rubuta ba. Ya haddace shafi, in ka buɗe masa wani ya ce idonsa na ciwo. Da haka zai kai aji shida. A 2022 Bankin Duniya da UNICEF da wasu hukumomi suka yi ƙiyasin cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, yara 'yan shekara 10 da ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimta sun tashi daga kashi 57 cikin 100 kafin annobar zuwa kusan kashi 70. Dama can ba lafiya muke ba, kada a ɗora wa korona duka. Ta same mu a kwance ne ta danne.

Da kasuwa ta ɗan farfaɗo na sauke kaskon awara, sai na fara zama da ɗana a zauren gidanmu bayan la'asar. Na lura shi kaɗai ba ya yi, sai na kira 'ya'yan maƙwabta, don yaro da ɗan'uwansa yake koyo. Ban tambayi ajin kowa ba. Na yanka kwalin taliya na rubuta haruffa da gaɓoɓi, na gwada su ɗaya bayan ɗaya, na raba su gida uku: marasa sanin harafi, masu harafi ba haɗi, da masu haɗi ba gudu. Sai ga ɗan aji biyar a rukuni ɗaya da ɗan aji ɗaya. Da fari ya ji kunya, da ya ga yana gaba sai ya saki jiki. Da Hausa muka fara, ba Turanci ba, don Hausa yadda aka rubuta haka ake faɗa, kuma in yaro ya haɗa kalma ya ji ya san ma'anarta, daɗin da yake ji shi ke jan sa zuwa ta gaba. Wasu iyayen suka yi ƙorafi, wai su Turanci suke so. Na ce su ba ni lokaci. Kafin babbar Sallah ta zo, ɗana yana karanta labari mai shafi guda ya ba ni shi da bakinsa, Turancin ma ya fara biyowa.

Na kai wa hedimasta shawarar mu yi haka a makaranta. Ya ce, "Malama, manhaja fa? In masu duba makarantu suka zo suka ga 'yan aji huɗu suna ba-bi-bu, me zan ce musu?" Da ƙyar ya ba ni rabin awar farko ta kowace safiya, a ajina kaɗai. Ko ita ta yi amfani. Abin da ke ba ni takaici shi ne arhar maganin: kwali, alli, da babba guda da zai zauna. Ba a buƙatar na'ura ko data. Amma sai wanda Allah Ya haɗa da mai zama da shi ya samu.

'Yan aji ɗaya da aji biyu na 2020 yanzu suna sakandare. Wata ƙawata da ke koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare ta ce min ta rasa gane kan yaran 'yan shekarun nan, ba sa jin magana, ba sa son karatu. Na ce ta kira su ɗaya-ɗaya, ba a gaban 'yan aji ba, ta miƙa wa kowa layi biyar na Hausa ya karanta mata. Bayan mako guda ta kira ni, ta ce a bencin baya akwai waɗanda layin farko ma bai fita ba, kuma su ne dai masu tayar da rigimar.

'Yar farina ta gama kwalejin, ita ma alli take riƙewa. Ƙaramin yana sakandare, shi ke karanta wa kakarsa saƙon waya. Na biyun ya lallaɓa ya gama ƙaramar sakandare, ya shiga aji ɗaya na babba, daga nan ya ce shi ya gama. Yanzu yana da teburinsa na gyaran waya, da yara biyu a ƙarƙashinsa, kuma kuɗin da yake samu a mako ya fi albashina na wata. In wani kaya ya zo da takardar bayani da Turanci, hotonta yake ɗauka ya tura wa yayarsa. Na yi masa maganar ya yi rajistar jarrabawar kammala sakandare ta waɗanda ba sa makaranta, ko don takardar ta zauna masa a akwati, har na ce ni zan riƙa yi masa bita da dare. Ya ce, "Umma, bari a wuce cinikin Sallah." Babansa ya ce in ƙyale shi, sana'a ma ilimi ce. Ni dai na tambayo kuɗin rajistar bana, na kuma shiga adashi saboda ita.